MOTAR DA MUKE SA WA ALBARKA, TA WACE HANYA TA ZO?

Da wuya wata ya wuce a manyan majami'unmu na birni ba a ga wannan abu ba. An gama Mas ta Lahadi, jama'a suna fitowa, sai a ja wata mota a tsayar da ita a bakin ƙofa, a buɗe bonet da but da ƙofofi duka huɗu, maigida da uwargida da yara su jeru cikin kayan ado. Fada ya fito da littafin addu'a, yaro yana biye da shi riƙe da ruwa mai tsarki. A yi addu'a, a yayyafa ruwa a inji da kujeru da tayoyi, matan zumunta su rangaɗa guɗa, kowa yana cewa Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya sa a kashe lafiya. Wannan al'ada ce mai kyau, muna kuwa yin ta da farin ciki, gama mun san gumin da aka zubar kafin a kai ga wannan rana.

Amma akwai tambaya guda da ba wanda yake yi a wurin, mu firistoci ma ba mu yi: ta wace hanya motar nan ta zo? Kusan dukan motocin da muke sa wa albarka an taɓa hawansu a wata ƙasa. Sun ratsa teku, sun bi ta hannun mutane da dama, sun ƙetare iyaka ɗaya ko biyu. A tunanin yawancinmu, da zarar mutum ya biya da kuɗin guminsa, magana ta ƙare. Abin da muke so mu duba tare, ya ku 'yan'uwa cikin Kristi, shi ne ko tsabtar kuɗin mai saye ta isa ta wanke abin da aka saya.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani magidanci cikin jama'armu, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya haɗa kuɗin sallamarsa ya sayi ƙaramar bas don ta riƙa jigila tana ciyar da gida. Mu muka sa mata albarka. Ba ta cika wata uku ba aka tare ta a wani shingen hanya, aka duba takardun fitonta aka ga na jabu ne, aka tafi da ita. Dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta. Da malamin ya zo wurinmu, bai yi kukan kuɗi da yawa ba. Cewa ya yi, “Fada, tun ranar da na ji farashin zuciyata ta gaya mini wani abu, na ce mata ta yi shiru.” Wannan magana tasa ita ce tushen abin da za mu faɗa.

YADDA MUKA ZAMA MASU JIRAN JIRGIN RUWA

Manya a cikinmu suna tune da lokacin da ba haka abin yake ba. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas. Daga baya aka yi ta Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar 504 da ledarta a kujeru. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai jama'a suka koma ga motocin da Turawa suka gama yayinsu, waɗanda ake lodinsu daga tashoshin ruwa irin su Antwap ta ƙasar Beljiyam, har sunan ƙasar ya zama sunan kayan. Yarbawa suka ce tokunbo, mu kuma muka ce 'yar Kwatano, domin ta tashar Kwatano a Jamhuriyar Benin da yawansu suke sauka, inda kuɗin fito ya fi sauƙi. Wasu a rubuta musu takardar wucewa zuwa Nijar, su hau arewa, sa'an nan su juyo su shigo Nijeriya ta ɓarauniyar hanya.

Gwamnati ta sha gwada toshe wannan kafa. Daga farkon Janairu 2017 ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa. A Agusta 2019 ta rufe iyakokin ƙasa ga kaya, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin mota da kuɗin fitonta suka yi tashin gwauron zabo. Duk lokacin da hanyar gaskiya ta ƙara tsada, jarabar bin ta bayan gida takan ƙara ƙarfi. A cikin wannan hali muke, kuma daga cikinsa ne dole mu yi tunani.

MOTAR SHAƘATAWA DA MOTAR NEMAN TUWO

Ya kamata mu leƙa ɗaya bakin tekun, inda kayan suke fitowa. A Amurka da Kanada akwai wata irin mota da ba mu saba gani ba, wadda aka gina gida a cikinta: gado, madafa, makewayi, wurin wanka, har da falo. Wasu suna da injinsu, mafi yawa kuwa tireloli ne da ake ja da wata mota. Ana sayen su don hutu da yawon buɗe ido. A 2021 kaɗai, masana'antun Amurka sun fitar da sama da 600,000, galibinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana. Mutanen Kanada sukan ƙetara iyaka su sayo su, su cika ƙa'idodin shigo da su ƙasarsu, in hunturu ya kama su gangara kudu zuwa Fulorida ko Arizona su sha rana. Da yawa cikin waɗannan motoci makonni kaɗan suke aiki a shekara, sauran lokaci suna ajiye. A ƙasashen nan dai kuma akwai waɗanda tsadar haya ta kora daga gidajensu, suka koma kwana cikin tsofaffin motoci irin waɗannan. Abin wasan wani ya zama rufin asirin wani na ƙarshe.

Kada mu yi garajen yanke hukunci. Hutu ba zunubi ba ne. Allah da kansa ya keɓe ranar hutu, a sura ta 6 ta Bisharar Markus kuma mun ga Ubangijinmu yana janye almajiransa gefe su huta bayan aiki ya yi musu yawa. Iyalin da suka fita su dubi duwatsu da koguna da Allah ya halitta ba su yi laifi ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1991 mai suna Centesimus Annus, bai zargi kowa don yana son rayuwarsa ta inganta ba. Abin da ya yi kashedi a kai shi ne rayuwar da ta mai da tara kaya ma'aunin darajar mutum. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya riga ya koyar cewa halal ne mutum ya mallaki dukiya ya kula da ita, amma wajen amfani da ita sai ya riƙe ta kamar amana, a shirye yake ya taimaki mabukaci.

Wannan ma'auni da muke auna Ba'amurke da shi, da shi za a auna mu. Ba mu da gida mai taya, amma muna da manyan jif-jif da ake saya don a shiga taron biki a girgiza jama'a, muna da gidajen da motoci huɗu suke kwana a cikinsu alhali ɗan ƙanen maigida yana zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Tambaya ta fari ke nan ga mai niyyar saye, tun kafin zancen takardu: me nake so motar nan ta yi mini, wane ne kuma zai rasa wani abu domin in same ta?

GASKIYA TSAKANIN MAI SAYARWA DA MAI SAYE

A Oktoba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a lokacin ya nuna cewa yawancin motocin da ke barin tasharsu zuwa Afirka sun kai shekara 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, wasu an cire musu abin tace hayaƙi na jikin salansa saboda ƙarfe mai daraja da ke cikinsa. Daga Amurka kuma ana kawo motocin da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. A nan sai a buge jiki, a yi fenti, a mai da agogon tafiya baya, a liƙe murfin jakar iska alhali babu komai a ciki. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da aka ƙera don titin Ingila ko Japan sai an juya mata sitiyari, aikin da in ba a yi shi daidai ba yakan ci rai.

Waliyyi Toma ya yi nazarin wannan matsala ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera mota. Misalan da ya kawo su ne gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, da gida mai shirin rushewa, da ruɓaɓɓen abinci. Hukuncinsa shi ne: aibin da yake a fili, wanda kowa zai gani, ba dole mai kaya ya yi shelarsa ba muddin ya rage farashi daidai da shi, amma ɓoyayyen aibi da zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, wajibi ne a faɗe shi, in ba a faɗa ba cinikin ha'inci ne, kuma akwai biyan diyya. Motar da ta kwana cikin ruwan gishiri, wadda wayoyinta za su ci amana wata rana a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ita ce gurgun dokin zamaninmu. Bambancin kawai shi ne doki mutum ɗaya yake kayarwa, bas kuwa tana ɗauke da goma sha takwas.

Muna da dillalai da makanikai da masu fenti a majami'unmu, mutanen kirki masu ba da baiko da hannu sake. Mun san amsarsu: haka kasuwa take, wanda ya faɗi gaskiya zai kwana da yunwa, mai saye kuma ya zo da makanikensa ya duba. Gaskiya ne kasuwa tana da wuya. Amma ba laifi ba ne a sayar da motar da ta taɓa haɗari. Laifin shi ne a rantse cewa ba ta taɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane kimanin miliyan 1.19 suke mutuwa a shekara a haɗarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rai. Wanda ya ɓoye lalacewar birki ko sitiyari, ya taka doka ta bakwai da ta takwas, yana kuma wasa da ta biyar.

ƁARAWON ZAUNE

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, abin ya kai har gwamnatin ƙasar ta kira babban taro a kansa a Fabrairu 2024. 'Yan sandansu sun bi sawun da yawa cikin motocin zuwa tashar ruwa ta Montiriyal, daga can cikin kwantena zuwa ƙasashen waje, har da Afirka ta Yamma. Ba tsofaffin motoci ake sata ba, sababbin jif-jif ne masu tsada, irin waɗanda manya suke hawa. A wasu lokuta da bindiga ake ƙwace su.

Hausawa sun daɗe da sanin cewa ɓarawon zaune shi ne ginshiƙin na tsaye. In babu mai saye, sata ba ta da riba. Koyarwar Ekklesiya a nan a bayyane take. Wanda ya sayi kayan sata cikin rashin sani na gaskiya bai yi zunubi ba, ko da yake kayan ba su zama nasa ba, kuma ranar da gaskiya ta fito dole ya sake su. Amma akwai wani irin rashin sani da mutum yake ƙera wa kansa: ya ga mota ta bana ana sayarwa rabin kuɗinta, ya ga an taɓa lambar shasi, ya ji mai kaya yana gaggawa, sai ya ƙi tambaya don kada a ba shi amsar da ba ya so. Katikizim na Ekklesiyar Katolika na 1992, a lamba ta 1791, ya ɗora alhakin irin wannan jahilci a kan mai shi. Yau ana iya bincika tarihin mota ta lambar shasinta mai haruffa da alƙaluma 17, da kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Wanda yake da miliyoyin saye amma ya rasa na bincike, ya tambayi zuciyarsa dalili. Nisan da ke tsakaninmu da wanda aka yi wa satar bai fitar da shi daga cikin maƙwabtanmu ba.

KUƊIN FITO

A nan ne maganar take da wuya, ba kuwa za mu yi kamar ba ta da wuya ba. Mutum zai ce: “Don me zan biya diyuti? Titin ƙauyenmu ya mutu tun ina yaro. Asibiti babu magani. Kuɗin da zan biya, wani ne zai gina gida da shi a ƙasar waje. Yau a ce kaza za a biya, gobe a ninka. Wa na cuta in na bi ta daji?” Wannan ba maganar banza ba ce. Har cikin malaman tauhidi na da akwai waɗanda suka ɗauka cewa dokokin kuɗin fito irin dokokin nan ne da ba su ɗaure lamiri, iyakarsu in an kama mutum ya biya tara.

Ekklesiya a yau ba ta tsaya a kan wannan ra'ayi ba. Katikizim, a lamba ta 2240, ya sa biyan haraji cikin wajiban ɗan ƙasa, a lamba ta 2409 kuma ya jera kauce wa haraji tare da ha'incin ciniki da cin hanci. Manzo Bulus ya umurci Kiristocin Roma su biya haraji da kuɗin fito, a sura ta 13 ta wasiƙarsa, kuma a zamanin Sarki Nero ya rubuta, wanda ba a san shi da adalci ba. Da aka kawo wa Ubangijinmu tambayar harajin Kaisar don a kama shi da baki, bai ce Kaisar mutumin kirki ne ba, bai kuma sallami kowa daga biya ba. Dalilin shi ne, haƙƙin na jama'a ne. In mai riƙe da baitulmali ya yi sata, laifinsa ne, zai amsa. Amma satarsa ba ta mai da rabon marayu da malaman makaranta namu ba.

Sa'an nan mu dubi yadda fasa-ƙwaurin yake gudana a zahiri, gama ba a yin sa da tsabta. Ana bukatar takardar ƙarya, ana bukatar a sayi jami'i, wato a jefa ɗan wani cikin zunubi. Ana bukatar samari direbobi su yi gudun fitar rai da dare, fitila a kashe, ta cikin ƙauyukan iyaka, inda ake bankaɗe yara da dabbobi, inda harbi kan tashi tsakaninsu da jami'ai. Ɗan kasuwar da ya biya haƙƙi cikakke ba zai iya gasa da wanda bai biya ba, har ya gaji shi ma ya bi sahu. A ƙarshe motar takan faɗa hannun mutum irin malaminmu mai ritaya. Ga amsar tambayar “wa na cuta?”

Duk da haka, wajibin ba a kan talaka kaɗai yake ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Harajin da ya fi ƙarfin jama'a, wanda ake sauya shi dare ɗaya, wanda ake yafe wa manya a matsa wa ƙanana, shi ma rashin adalci ne, kuma haƙƙin Kirista ne ya yi magana a kansa a fili, ta ƙungiyar sana'arsa, ta wakilinsa, ta ƙuri'arsa. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa masu karɓar haraji su bar aikinsu ba, ya dai hana su karɓar fiye da abin da aka ƙayyade. Wannan gargaɗi yana nan ga 'ya'yanmu masu sanye da kakin gwamnati. Muna kuma bambanta mutum biyu: wanda takardunsa cikakku ne aka tsare shi a rana har ya ba da wani abu don ya tsira, wannan an zalunce shi ne, wanda kuwa ya miƙa hannu don a rufe ido a kan abin da bai biya ba, wannan abokin tarayya ne cikin laifin.

TSOHUWAR MOTA BA ABIN KUNYA BA CE

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba muna cewa motar hannu mugun abu ba ce. In ba don ita ba, mace mai naƙuda a ƙauye da me za a kai ta asibiti, manomi da me zai kai doyarsa kasuwa, Fada mai ƙananan majami'u ashirin da me zai zagaya su? Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya soki ɗabi'ar amfani da abu a yar. Makaniken da yake raya inji mai shekara ashirin a ƙarƙashin itacen dalbejiya, da gaskiya da ƙwarewa, yana yin aikin da ya fi kusa da nufin Mahalicci fiye da mai sauya mota kowace shekara. Abin da muke ƙi shi ne a mai da ƙasashenmu juji. Ƙasar da ta hana wata mota hawa titinta saboda hayaƙi ko rashin lafiyar birki, sa'an nan ta bar a loda ta a jirgi zuwa wurinmu, tana cewa ne huhun 'ya'yanmu bai kai na nata 'ya'yan daraja ba. Alhakin yana kan mai fitarwa, yana kan hukumar da ta bari aka shigo, yana kuma kan ɗan ƙasa da ya je ya zaɓo mafi araha ya san abin da ya zaɓo.

MU MA A CIKI MUKE

Ba zai yi kyau mu yi wa jama'a wa'azi mu tsallake kanmu ba. Al'ada ce yanzu a haɗa kuɗi a saya wa sabon firist mota ranar naɗinsa, ko a saya wa Fada ta bikin cika shekaru. Ƙauna ce, muna godiya. Amma sau nawa kwamitin saye ya nemi ganin takardar fito ta ainihi? Sau nawa aka matsa wa gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi da karo-karo don kada motar Fadanmu ta kasa ta Fadan maƙwabta? A Yuli 2013 Paparoma Faransis ya gaya wa ɗaliban firistanci da masu shirin shiga zuhudu cewa ransa yakan ɓaci in ya ga firist ko sista cikin mota sabuwar yayi. Ya yarda mota abin aiki ce, ya ce dai a zaɓi mai sauƙi. Da kamfanin Lamborghini ya ba shi kyautar mota a 2017, ya sa mata albarka, ya sa hannu a jikinta, aka yi gwanjonta a 2018, kuɗin suka tafi ayyukan jinƙai, har da sake gina gidajen Kiristocin filin Nineba a Iraƙi. Motar da aka shigo da ita da sunan aikin Ekklesiya, ta kuwa zama ta aikin Ekklesiya. Wadda takardunta ba su da tsabta kada ta kwana a gidan Fada, ko wane ne ya kawo ta.

TO, ME ZA MU YI?

Ga wanda bai saya ba tukuna: ya auna bukatarsa da aljihunsa da haƙƙin iyalinsa, ya bincika lambar shasi, ya tabbatar da takardar fito a ofishin da ya dace kafin ya biya, in farashi ya yi daɗin da ya wuce hankali, ya tuna araha ba ta ado. Ga mai sayarwa: ya faɗi abin da ya sani, ya sa farashin da ya dace da gaskiyar kayan. Zai yi asarar ciniki ɗaya ko biyu, amma mutumin da aka san bakinsa ɗaya ne, masu saye sukan dawo masa da 'yan'uwansu.

Ga wanda ya riga ya saya, yanzu kuma zuciyarsa tana dukan uku-uku: kada ya fid da rai. Ya zo a yi magana a ɗakin furta zunubi, inda asiri yake rufe. In kuɗin fito ne ba a biya ba, ya nemi hanyar daidaita takardunsa. In ya sayar wa wani da ɓoyayyen aibi mai haɗari, ya neme shi ya faɗa masa tun kafin a ji mummunan labari, ya mayar da abin da ya ci a kai. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, bai sami salama ba sai da ya ɗauki niyyar mayar da abin da ya ƙwata, a ranar kuwa Ubangiji ya shaida ceto ya shiga gidansa. Gafara kyauta ce, amma tuban da ya riƙe kayan mutane a hannu bai cika ba.

Ba za mu kafa shinge a ƙofar majami'a muna duba takardu ba; wannan ba aikinmu ba ne. Duk wanda ya kawo mota za mu yi addu'a a kanta. Sai dai mu sani ruwa mai tsarki ba laya ba ne, ba ya mai da takardar jabu ta gaske, ba ya gyara birki. Addu'ar albarka roƙo ce domin mutanen da za su shiga motar da waɗanda za ta wuce a hanya, alkawari ne kuma daga mai ita cewa zai yi amfani da ita cikin tsoron Allah da ƙaunar maƙwabci. Mai faɗin Amin ga wannan addu'a ya san abin da yake amsawa.

Malamin nan namu bai sami basɗinsa ba. Yanzu yana koyar da yara darasin yamma a zaurensa, yana tara kuɗin babur, ya kuwa ce mana wannan karon sai ya ga kowace takarda da idonsa. Ranar da ya kawo shi, za mu fito da ruwa mai tsarki da murna.

Allah ya ba mu lamiri mai ji, ya ba shugabanninmu adalci, ya kiyaye matafiya duka bisa ga roƙon Waliyyi Kiristofa da na Uwarmu Budurwa Maryamu, ya kai kowa gida lafiya, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.